Ganyen da Gwaggo Ta Karya

A unguwarmu ta kan tudu, nan garin Mukho na bakin teku, an daɗe da gama magana cewa 'yar gwaggona Miran ta kama mutumin da ya yi mata ciki ya gudu, ta barbaɗe shi da gishiri, ta shanya shi a rufin bene har ya bushe ƙayau, kuma kullum da safe sai ta sauko da shi ta nakaɗa masa guduma kafin ta ɗora tukunya. Maman Giho mai awara ta ce da kunnenta ta ji: a kira sunansa, a ji dim, a sake kira, a sake jin dim. Wani direban tasi ya ce shi tun bara ya lura igiyar shanyar gidan ta yi lanƙwasar da kayan mace da yarinya ba za su sa ta yi ba. Har an ce an ga ƙafa tana leƙowa daga cikin buhu. Ƙafar dai ni na ƙara, don na ga labarin yana ɗingishi.

To, kowa ya kwantar da hankalinsa. Injiniya Pyo, mutumin da ake zancen, yana can birnin Incheon da ransa, ya yi tumbi, ya yi aure, an ce har riƙe wa tsofaffi ƙofa yake yi a coci. Ko ƙwarzane babu a jikinsa, abin da ni nake gani a matsayin hasara. Abin da Miran take duka kifi ne, busasshen kifin nan mai taurin icen girki, wanda sai an lallasa shi kafin ya yarda ya shiga miya. Sunan da mai awara ta ji kuwa ba ƙarya ta yi ba. Miran takan raɗa wa kowane kifi suna kafin ta ɗaga hannu. Na farko Pyo. Na biyu yayanta Sangchol. Na uku ban taɓa jinsa da kyau ba, don a hankali take faɗarsa, in na tambaya kuma sai ta share ni. Sauran kuma ya danganta da wanda ya taka ta jiya.

Da labarin ya tsaya a dariya da ban ɓata biro ba. Amma saura ƙiris wannan surutu ya raba ta da 'yarta Dabin, kuma waɗanda suka so rabawar ba baƙi ba ne, jininmu ne. Shi ya sa na zauna rubutu, ni da rabona da aji tun ranar da malamin lissafi ya roƙe ni in taimaki ƙasa in nemi sana'a.

Sunana Chunbae. Tukunyar gas nake kai wa gidaje a babur. Babana da uwar Miran ciki ɗaya suka fito. Miran ta girme ni da 'yan watannin da ba su isa kabeji ya yi tsami ba, amma tun muna yara ta kafa dokar sai na ce mata Yaya. Ita ce mai ƙwaƙwalwar dangi. Lokacin da nake fama da rubuta sunana, ita tana karanta wa Gwaggo takardar magani. Ta gama sakandare, ta kama aiki a wani shagon tabarau, tana sa farar riga kamar likita, tana ce wa tsofaffi su rufe ido ɗaya. Gwaggo a lokacin in tana zancenta a kasuwa, sai ka rantse Miran ce ta ƙirƙiro ido.

Sai aka kawo 'yan kwangilar gyaran tashar jiragen ruwa, da Pyo a cikinsu, da hular kwano fara da takalmin da bai taɓa ganin laka ba. Ya zo gyaran tabarau. Ya yi ta zuwa gyaran tabarau, har na fara tunanin da haƙori yake tauna shi. Kwangila ta ƙare, ya ce zai je ya sanar da iyayensa ya dawo. Har yau yana sanar da su.

Da ciki ya fito, mai shagon ya ce shi ba ruwansa, masu saye ne suke kallo. Sangchol, wanda yake aikin ofis a birnin Gangneung kuma ko shara zai zubar sai ya ɗaura laƙataya a wuya, ya zo da shawara irin ta masu ilimi: a haihu can nesa, a miƙa wa masu kai jarirai ƙasar waje, ta dawo a ce ta je koyon aiki. Gwaggo ta ce haka za a yi. Miran ta ce ba za a yi ba. Gwaggo ta ce to ba a gidanta ba. Miran ta kwashi kayanta ta kama ɗaki a rufin wani bene can ƙarshen tudu, inda iskar teku take shiga ta taga ɗaya ta fita ta ɗaya ba ta gaida kowa ba.

Yanzu sai ku san wace ce Gwaggo. Shekara talatin tana sayar da ganyen teku a kasuwa, kuma duk garin nan in mace ta kusa sauka, rumfarta ake zuwa sayen ganyen jego, dogon nan da ya fi mutum tsawo, wanda ake yi wa mai jego miya da shi safe da rana da yamma har ta fara mafarkin ruwa. Gwaggo ce alƙaliyar wannan ganye. Ba a neman ragi. Ba a ninkewa. Ba a karyawa. A miƙe ake ɗaukarsa daga rumfa har ƙofar mai jego, kowa yana gani yana barka, don wanda ya karya shi a hanya ya gutsure wa jaririn kwana. Na taɓa ganin ta bi wani sabon ango da tsintsiya har bakin titi don ya lanƙwasa bakin ganyen zai tura shi a bayan mota.

"Ɗan naka za ka ninke?" take ce masa. "In motar ba ta isa ba ka sayi ƙafa."

Ranar da aka sallamo Miran daga asibiti, Gwaggo ta kira ni bayan rumfa, ta leƙa hagu ta leƙa dama kamar mai sayar da kayan sata, ta miƙo mini baƙar leda an ƙulle bakinta. Ta ce in sa a ƙarƙashin mazaunin babur, in kai can sama, kada in tsaya hira. Ni ɗan aike ne. Na kai. Miran tana zaune a ƙasa da jaririya a cinya, ta kwance ƙullin da hannu ɗaya. Ganyen jego ne, mai kyau, irin na sama, an karya shi gutsure-gutsure don ya shiga leda. Ta daɗe tana kallon ciki. Ta mayar da ƙullin yadda yake, ta ce in rufo mata ƙofa in na fita.

Daga ranar fitila ta fara mutuwa a idonta.

Ni mai ƙarin gishiri ne, kowa ya sani, amma a wannan gaɓa ragewa zan yi. Nakan hau in canja mata gas in tarar na wancan karon bai ko rage ba. Labule a sake da rana tsaka. Kwanuka a jibge, shinkafa ta yi gashi a tukunya. Gashin kanta da take gyarawa kamar na 'yan talla ya dunƙule wuri ɗaya. Yarinyar kam tsaf take, an yi mata wanka, an ba ta nono, an shafa mata mai. Tana gama wannan sai ta juya fuska bango, kamar injin da aka zare wa waya. In na yi tsokana, ba amsa. Ni da Miran ba ta taɓa bari in kai ƙarshen magana ba tare da ta yanke ni ba, sai ga ni ina gama zance har in ƙara wani.

Sau ɗaya ta yi mini magana mai tsawo. Fuskarta na bango ta ce, "Chunbae, kamar an kwaɓa siminti an zuba mini a ƙirji ya daskare. Ina kallon yarinyar nan ba na jin komai. Sai in tsani kaina don ban ji ba. Sai gari ya sake wayewa, ba wanda ya tambaye shi."

Na sauka na faɗa wa Gwaggo. Ta ce lalaci ne, ita ta haifi biyu kuma ba ta taɓa samun lokacin kallon bango ba. Na buga wa Sangchol waya, ya ce wanda ya zaɓi hanya ai ya san da tudu a gaba. Matan unguwa suka ce ai dole, abin kunya ne yake cinta. Waɗannan matan kuwa, da a ce miji ne ya mutu ya bar ta, da layi za su yi a matakala da tukwane, har sai rufin ya rufta. Mutum ɗaya ne ya gudu, amma duk garin ya taya shi gudun. Har yau in na tuna sai in ji kamar in kwance bakin tukunyar gas ɗaya a tsakiyar kasuwa in tafi shan shayi.

Wadda ta tsinto ta ita ce Kaka Bang, mai shagon miyar kifi a bakin tasha, inda masunta suke zuwa da safe su wanke giyar jiya. Tsohuwa ce gajeriya, faɗinta ya fi tsawonta, ta binne miji ta binne ɗa, muryarta tana tsayar da jirgi. Wata safiya ta hango Miran a ƙarshen katangar da ke tare igiyar ruwa, da goyo, a tsaye tana kallon ruwa. Ta sauke tukunya ta koma ta duba, tana nan. Sai ta taka har can da ludayi a hannu, ta kama zanen goyon ta baya, ta jawo su kamar mai jan akuya.

Ba ta yi mata wa'azi ba. Ta zaunar da ita a bayan shago gaban wani kututture, ta karɓi jaririyar, ta miƙa mata guduma da busasshen kifi.

"Kafaɗata ta mutu, ina neman mai bugu. Doke shi."

Miran ta ɗan taɓa kifin kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar surukai.

"Haka ake duka a gidanku? Wa ya yi miki cikin?"

"Pyo."

"To ga shi nan kwance. Gaishe shi."

An ce ƙarar dukan farko sai da tsuntsayen tasha suka tashi gaba ɗaya suka koma Japan. Wannan ni na ce. Abin da Kaka Bang ta ce shi ne, Miran ta doki kifin nan har ya zama auduga, sannan ta kifa kai a kututturen ta yi kukan da ba ta yi ba tun ranar leda.

Kada wani ya ce guduma ce ta warkar da ita, don Kaka Bang da kanta za ta bi shi da ludayi. A satin ta sa ta a bas ta kai ta wurin likitan ƙwaƙwalwa, ta zauna a bakin ƙofa da goyo kamar mai gadin fursuna. Likita ya ce ciwon damuwa ne, yana da suna, yana da magani, kuma ba ita ta fara ba. Miran ta ce tana tsoro, in aka ji tana zuwa nan za a ce mahaukaciya ce a ƙwace mata 'ya. Kaka Bang ta ce, "Wanda zai ƙwace ta a hannun mai shan magani, a hannun gawa ba sai ya tambaya ba. Haɗiye."

Haka aka yi ta tafiya, ba a miƙe ba. Wani watan ta yi kyau, wani watan ta koma bango, musamman in sanyi ya shigo rana ta gajarce. A hankali bayan shagon ya tara irinta. Akwai wadda miji ya saka, akwai wadda teku ta cinye wa miji, akwai wasu biyu irin Miran da ba a taɓa ɗaura musu ba. Duk Asabar suna zama suna yagar kifi, yara suna birgima a kan buhuna, su kuma suna zagin maza daga kan Pyo har kan wanda ya ƙirƙiro wando. Ni in na kawo gas a guje nake fita. Doka ɗaya gare su: wadda ba ta zo ba, za a hau har ƙofarta a yi ta bugu, ba a tambayarta lafiya, sai dai a ce ta sa takalmi. Da wannan Miran ta rayu. Dabin ta girma da ƙarar guduma a kunne, har in ba ta ji ba ba ta barcin rana.

Ganyen teku kuwa bai sake shiga ɗakin ba. Kowane yaro a ƙasar nan da miyar ganyen yake karya kumallo ranar zagayowar haihuwarsa, don ya tuna wahalar uwarsa. Dabin da miyar kifi take yi.

Ana haka Dabin ta kusa shekara bakwai, za ta shiga makaranta in sanyi ya wuce. Sangchol da matarsa kuwa ba haihuwa, an yi asibiti an yi addu'a an yi jiƙe-jiƙe, babu. Sai labarin busasshen injiniya ya hau bas ya isa Gangneung, ya haɗu da wani labarin cewa an ga Miran tana fitowa daga wurin likitan mahaukata. Nan Sangchol ya tuna yana da 'yar ƙanwa. Shirinsa shi ne a mayar da Dabin ƙarƙashin sunansa, ta koma gidansa, ta shiga makaranta da uba a takarda. In Miran ta ƙi, zai je wurin hukumar kula da yara ya ce uwar ba ta da hankali, da safe ihu take tana dukan abubuwa, kuma ga Gwaggo da ta haife ta za ta ba da shaida. Ni na ji shirin ne don gas ɗin Gwaggo ya ƙare a daidai lokacin, kuma ɗaura shi ya ɗauke ni tsawon hirar gaba ɗaya. Komai ya rataya a bakin Gwaggo. Maganar ɗan'uwa ana iya cewa son kai ne. Maganar uwa a kan 'yarta, wa zai musa?

Na hau na faɗa wa Miran. Washegari kifi na biyu sai da aka share shi da tsintsiya.

Safiyar sabuwar shekara aka gayyace ta gidan Gwaggo, karon farko tun da ta fita da ciki. Mu namu gidan da wuri muke gama hidimar gaida mamata ta wannan ranar, don babana ya ce matattu ba sa son dogon zama, sai na wuce can. An shirya teburin mamaci, hoton baban Miran a tsakiya, turaren wuta na tashi, ga shinkafa, ga 'ya'yan itace an jera kamar sojoji, ga busasshen kifi a gefe. Aka durƙusa aka gaida marigayi. Matar Sangchol ta fito da jar jakar makaranta sabuwa ta rataya wa Dabin, sannan ta ce su je shago su sayo alawa. Baiwar Allah, ita ba muguwa ba ce, yunwar ɗa ce kawai take cinta. Ƙofa na rufuwa Sangchol ya gyara laƙataya.

"Miran, zauna mu yi magana irin ta manya."

"Maman Dabin," ta ce. "Shekara bakwai ke nan sunana. Duk kasuwa ta iya, kai mai digiri ka kasa."

"Makaranta za su tambayi uba. Yara za su tambaya. Kin san bakin yara."

"Na san bakin manya. A nan yaran suke koya."

"Ba ki da lafiya. Mun san inda kike zuwa."

"Ta ƙofar gaba nake shiga, Yaya, ba sai ka sa 'yan leƙen asiri ba." Ta buɗe jaka ta fito da ƙunshin magani, ta ajiye a kan teburin, daidai gaban hoton. "Baba, kai ma ga shi ka gani. Ɗaya da safe. Da shi nake tashi in yi wa jikarka kitso."

Gwaggo ta ce, "Ke, teburin ubanki ne."

"Na sani, Inna. Akwai saura."

Sai ta fito da baƙar ledar. Ta koɗe, ta yi fari-fari a wajen ninki, amma ƙullin yana nan, ƙullin Gwaggo, irin wanda take yi da kunne ɗaya a waje. Ni ina ganinta na fara neman inda na ajiye takalmina. Miran ta kwance ta zazzage a kan teburin. Ganyen ya yi ruwan ƙasa, ya zama kamar ɓawon itace, gutsattsarin suka watsu tsakanin kwanuka, wani ya faɗa cikin shinkafar marigayi.

"Inna, wannan na wace mai jego ne?"

Gwaggo ta sa yatsa ta cire gutsuren da ya faɗa cikin shinkafar.

"Ke ce kika bi ango da tsintsiya don ya lanƙwasa bakin ganye. Ke kike gaya wa duk garin nan abin da yake samun jaririn da aka karya wa ganye. Sai kika zauna a bayan rumfa kika sa gwiwa kika karya nawa, don ya shiga leda, don kada mai awara ta gani. To abu biyu ne. Ko kin yarda da abin da kike faɗa, kin yi wa jikarki fatan gajeren kwana. Ko ba ki yarda ba, shekara talatin ƙarya kike sayar wa mutane. Zaɓi ɗaya a gaban Baba."

Gwaggo, wadda muryarta take kaiwa daga rumfar ganye har rumfar kaguwa, ta yi magana sai da na matso kafin in ji.

"Kunya na ji."

"Na sani. Ni kuma yunwa na ji."

Sangchol ya ce wannan tsohon zance ne, shi maganar gobe yake yi, kuma in ba za a yi ta lalama ba akwai hukuma.

"Ka je," in ji Miran. "Likitana zai zo. Kaka Bang za ta zo. Matan Asabar za su zo, in ka yi sa'a su bar gudumominsu a gida. Su suka hau tudu lokacin da nake kwance. Kai ko lambar ɗakina ba ka sani ba. Yarinyar da kuka so a sa a jirgi a kai wa Turawa, yau ita ce za ta cike muku ɗaki? Wa za ka kawo ya ce ban iya riƙe ta ba?"

"Inna," ya ce, ya juya. "Inna, ki yi magana."

Gwaggo tana tsintar gutsattsarin ganyen ɗaya bayan ɗaya tana tarawa a tafin hannu. Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Miya za ta huce."

Ba e, ba a'a. A haka aka dawo da Dabin da alawa a kumatu. Miran ta kama hannunta, ta dubi jar jakar, ta dubi matar yayanta da ke tsaye kamar an dasa ta, ta ce, "Jakar kam mun gode, Anti. Ki riƙa zuwa kina ganinta a bayanta."

Wanda ya ga Miran a ranar zai ce ƙarfe ce. Kwana biyu bayan nan ba ta zo bugu ba. Tsoro ya mayar da ita bango, don ta san Sangchol kullum yana kan waya da Gwaggo, kuma Gwaggo ba ta taɓa ce wa ɗanta namiji a'a ba tun yana tsotson yatsa. Matan Asabar suka hau ba ranar Asabar ba, suka yi ta bugun ƙofa har mai gidan ya fito da wandon barci. Ta sa takalmi. Ta sauko. Amma duk mai laƙatayar da ya gifta ta gaban shago sai guduma ta tsaya a sama.

Ranar da Dabin ta cika bakwai, da hantsi, kasuwa ta cika maƙil, Gwaggo ta ja labulen rumfarta. Ta shiga ciki ta zaro ganyen jego mafi tsawo da take da shi. Ni na ce ya kai daga nan zuwa fitilar jirage, waɗanda ba su da buri a rayuwa sun ce ya ɗan fi ƙofa. Ta ɗora shi a ka, a miƙe, ba leda, ba jarida. Na ce ta hau babur in kai ta.

"Iska ta karya mini shi? Matsa."

Ta ratsa kasuwa. Mutane suna sunkuyawa yana wuce kansu. Ta fara hawan tudu, gwiwoyinta suna ƙara kamar tsohuwar ƙofa, ni ina biye ina tura babur kamar ɗan rakiyar amarya. Lungunanmu kun san su, mutum biyu ba sa wucewa sai ɗaya ya riƙe numfashi. A kowace kwana sai ta tsaya ta juya shi a hankali kada ya taɓa bango. Iskar teku ta kama shi sau ɗaya ta kusa tafiya da su duka. Ta dafe da hannu biyu ta zagi iskar har kakanninta.

Maman Giho mai awara tana bakin ƙofarta, inda take tun da aka gina garin.

"A'a, barka. Wa ya haihu?"

"'Yata," in ji Gwaggo, da muryar kasuwa.

"Miran? Yaushe kuma?"

"Shekara bakwai yau. Ba ki ji ba? Ke da kike jin komai."

Kafin ta kai saman tudu maganar ta sauka ta hau bas. An ce Sangchol ya bugo da yamma, Gwaggo ta ce masa ya nemi wata shaidar, ita tana da jika a tudu kuma ta san uwarta. Daga nan ba a sake jin zancen hukuma ba.

Kada ku zaci an rungume juna. Miran ta buɗe ƙofa ta ga uwarta tana haki da ganye a ka, ta dube ta daga sama har ƙasa.

"Kin makara."

"Na sani."

"Jingine shi can. A hankali."

Miran da kanta ta ɗauko almakashi ta yanka, don a gidan mai jego ake yankawa. Ta jiƙa, ta soya da man riɗi, ta dafa. Ta zuba wa Dabin, wadda ta ce santsi gare shi amma ta nemi ƙari. Ta zuba wa Gwaggo, a benci a waje, don ba ta ce ta shigo ba. Har ni na samu. Ita kuwa ta zauna da shinkafa da kimci, kabejin nan mai tsami da yaji. Gwaggo ta turo mata kwanonta, ta turo mata shi baya.

"Ni jegona ya wuce."

Washegari na kai gas shagon Kaka Bang, na tarar da Miran a gaban kututture, ta ɗaure kai, ta ajiye ƙwayar maganinta kusa da kofin ruwa. Na jingina da ƙofa, inda guduma ba za ta kai ba.

"Maman Dabin, an kawo ganye, an kori Yaya Sangchol, an rufe bakin mai awara. Ai kin warke ke nan. A sallami kifayen nan su huta. Ko in je Incheon in ɗauko miki Injiniya a shanya shi da gaske? Ina da buhu, har wanda ƙafa za ta leƙo."

Ta haɗiye maganin, ta kora da ruwa, ta jawo kifi ta kwantar. Ko kallona ba ta yi ba.

"Ciwon nan bai san an kawo ganye ba, sakarai, gobe ma da shi zan tashi. Kai kuma da kake ta tambayar sunan kifi na uku, ledar nan ba da ƙafarta ta hau tudu ba. Tsaya nan ka ji yadda ake kiranka."